Bashin Ƙugu

A Valparaíso gida kan gida yake hawa,
titi ba ya miƙewa, sai dai ya zama tsani.
Shekara talatin ina tuƙa taragon tudu,
ina kai mutane sama, ni kuwa ina zaune.
Ashe ƙugu yana rubuta bashin zaman.

Ranar wata Laraba ya zo karɓa.
Matakala ta tara, jakar lemo a hannu,
ƙafar hagu ta ce ba da ita ba.
Lemon ya riga ni isa ƙasa.

Yanzu ga ni gaban Ximena,
yarinyar da na yi jika da ita,
ta manna min wayoyi a gefen kwatangwalo,
ta juyo da fuskar na'ura.
"Don Eleuterio, riƙe kujera.
Ɗaga ƙafa gefe. A hankali. Kar ka karkace."

Na yi dariya.
Ni da na ɗauki buhun gawayi tun ina sha biyu,
wannan ne aikin?
Na ɗaga.
Koren zare a na'urar ya ɗan motsa,
kamar wanda aka tasa daga barci bai shirya ba.
Kafin na kai bakwai cinyata na rawa.

Ta ce ba ƙafar da ke sama ce mai wahala ba,
wadda aka bari a ƙasa ita ke riƙe da gidan.
Na yi shiru.
Na tuna Hortensia.

Gida na koma da aikina:
ɗage kan yatsu kafin ruwan shayi ya tafasa,
diddige gaban yatsa, diddige gaban yatsa,
daga murhu zuwa taga,
sai tsayuwar zalɓe a bakin wurin wanke kwano.
Kyanwa na kallona kamar na tabu.
Wata rana na yi, wata rana ƙyuya ta ci ni.

Mako na shida zaren ya yi tsalle,
ya tsaya cak, kamar tudun unguwarmu.
Ximena ta ƙirga ashirin da biyu
kafin hannuna ya nemi kujera.

Yau da safe na sa wando a tsaye,
ban jingina da bango ba.
Babu wanda ya gani.

Na sauka sayen lemo.
A matakala ta tara na ɗan dakata,
na gaishe ta,
na wuce.