Murfin A-kori-kura

A Duluth, makon da bakin tafki ya fara daskarewa,
Marlys Tuominen ta tsaya a shagon Orrin,
hannu a aljihu, hula har gira.

Ya nuna mata na farko:
falle ɗaya, baƙi, mai kulle,
sumul kamar bayan tasa.
"Ko ɗigon ruwa ba ya shiga."
Ta ƙwanƙwasa shi da yatsa.
"Tsanina fa? Durƙusawa zai yi?"

Na biyu mai ninki uku ne,
in an tattare shi sai ya tokare tagar baya,
kana tuƙi ba ka ganin mai bin ka.
Ta girgiza kai.

Na ukun tamfol ne kawai,
yana naɗuwa kamar tabarma bayan hira.
Ɓarawo mai wuƙar aljihu ya gama da shi,
Orrin bai ɓoye mata ba.

Ta yi shiru tana lissafi:
katako mai ƙafa goma sha shida,
kwalekwalen ƙanenta duk bazara,
da dashen tuffa biyu
da ta yi wa mahaifiyarta alkawari,
su kuwa a tsaye za su tafi,
kai a sama.

"Kayana ba sa kwanciya," in ji ta.
"Guduma da zarto sa zauna gaba, kusa da ni."

Ta biya. Ya yi mata gyara da jan ƙyalle
na ɗaurawa a wutsiyar katako.
Waje ƙanƙara na sauka a hankali
cikin bayan motar da ke buɗe tukuna.