Kwat ɗin Yawunde

Na ƙunshe su a tsohon zanen gado:
wanduna biyu da suka ɓata da ƙuguna,
rigar ƙwallo mai lamba tara,
da baƙar kwat ɗin nan
da na saya shekarar da suka ce in zo Yawunde a gan ni.

Shagon Hamajoda na bayan babbar kasuwar Garwa,
inda warin kafur ke kokawa da ƙamshin soyayyen kifi.
Bai dube ni ba. Wuyan riga ya duba,
ya shinshina hammata,
ya ja zif sau uku kamar mai gwada wuƙa.
"Jaka biyu, duka."
Na ce albarka.
Ya ce, "Kwat a wannan zafin? Sai lauya ko ango."

Ya zura hannu aljihun ciki,
ya zaro tikitin jirgin ƙasa na Ngawundare,
ya koɗe, ko huda shi ba a yi ba.
"Riƙe abinka, ba na sayen takarda."

Muka tsaya a jaka uku da rabi.
Ya ƙirga da yawu a yatsa.

Na biya kuɗin wuta,
na sayo wa Dudu kifi a bakin gadar Binuwai.

Jiya na wuce ta wajen a kan babur.
Tana rataye a ƙofa, iska ta cika mata kafaɗu.
Ta fi kyau ba ni a ciki.

Tikitin kuwa yana aljihun wandon da ya rage mini.
Na kasa yar da shi.