Aza Mini

Da sunan Wanda ba ya aza wa rai
abin da ya fi ƙarfin wuyansa,
ni Labbo ne, manomin albasa a Kwalkwalawa,
kalma guda ta hana ni barci.

Na san ta tun ina riƙe da gefen zanen Inna
a bakin gulbin Rima, da hantsi.
In ta cika tulu, ta naɗe gammo,
sai ta dubi duk wanda Allah ya kawo:
"Bawan Allah, aza mini."
Shi kuwa sai ya duƙa,
ya tallabi gindin tulun da hannu biyu,
ruwa na bin hannun rigarsa,
su miƙe tare, nauyin na tsakaninsu.
Ba ya saki
sai ya ji wuyanta ya tsaya daidai.
Iyakar sanina ke nan game da azawa:
mai aza maka shi ke fara jin nauyin.

Shekaranjiya na fito da jar albasa,
wata uku tana kwance a rudu.
Kafin gada, igiya a gicciye da ganga biyu,
yaro mai falmaran ya yago takarda:
kuɗin hanya.
Bayan gada wata igiyar,
kuɗin amfanin gona.
A ƙofar Kara kuɗin shiga, kuɗin saukewa,
kuɗin ƙasar da buhu zai zauna,
har da na shara,
alhali ɓawon bara na nan yana ruɓa a kwata.
Direba ya tsaya inda kowa ke tsayawa,
aka ce yau laifi ne.
Buhu tara na kawo, aka ci ni tara,
abin da na tara ya fara tsiyaya
tun ban ga fuskar mai saye ba.

A goshin kowace takarda, da shuɗin tawada,
ga kalmar Inna: an aza.
Wa ya aza? Babu suna.
Ban ga gwiwar da ta lanƙwasa ba,
ban ga hannun rigar da ya jiƙe ba.

Mai teburin Nomau ne, ɗan Ige mai daddawa,
wanda muka yi su tare da koma ɗaya.
Yana buga hatimi, bai ɗago ba.
Can ya ce, ƙasa-ƙasa:
"Labbo, ni ma aza mini aka yi.
Dubu sittin kafin la'asar,
in bai cika ba, aljihuna ya cika shi."
Na ce, wanda ya aza maka fa?
Ya ce shi ma da nasa.
Haka kayan ke hawa, kai bisa kai,
har can inda wani ke zaune cikin sanyi,
ba komai a kansa sai hula.

Ban ƙi haraji ba.
Asibiti ba da yawu ake gina shi ba,
gadar da na hau ma wani ya biya.
Amma a dubi wuya kafin a ɗauko kaya,
a bar mutum ya naɗe gammo.

Magariba ta kawo jiki, buhu ɗaya ya yi kwantai,
'yan dako duk sun watse.
Na tsaya a kansa, na ce da iska:
wa zai aza mini?
Nomau ya kulle akwatinsa,
ya tuɓe falmaran, ya rataye a ƙusa.
Ya duƙa, ya kama kunnuwan buhun,
muka miƙe tare.
Ya yi nishi, ya ce: "Ashe haka take da nauyi?"
Na ce, albasa ce kawai, Nomau,
takardarka ta fi ta.

Na taka zuwa tasha, buhu a ka,
rasit bakwai naɗe a ƙarƙashin hula.
Ko gammo ba su isa ba.