La'ada

A Marwa, bayan rumfar dukawa,
Hamajam ya jera takalma kan tabarma,
ya ɗauke su hoto da wayarsa mai tsagaggen gilashi.

"Ke Asta, mabiyanki sun haura dubu uku.
Ga mahaɗi, liƙa shi.
Duk wanda ya latsa ya saya,
sefa ɗari biyar taki ce."

Kakata dillaliya ce a da.
Dugaduganta sun ƙare tsakanin Domayo da kasuwa,
ƙunshi a ka, la'ada a bakin zane.
Ni ko inuwar darbejiya ban bari ba.

Kwana tara shiru.
Daren na goma waya ta yi ƙara:
wani a Njamena ya sayi ƙafa biyu.

Na sayo wa kaka goro.
Ta gutsura, ta dubi sawuna:
"Ciniki babu faso?"