Bokiti Uku Daga Lekki

Madam ta dubi bangon ta yamutsa fuska,
ta ce ba wannan ta gani a waya ba.
Kwana tara ina kan tsani a Lekki,
ladana ya tashi a bokiti uku na fentin da ta ƙi,
da kuɗin mota, da “sai na neme ka”.

A danfo na ɗauko su, ɗaya a cinya, biyu tsakanin ƙafafu.
Kwandasta ya karɓi kuɗin mutum biyu.
Tun daga Obalende har Agege
lissafin hasara nake yi da yatsu.

Barira ta ɓamɓare murfin da wuƙar albasa.
Ta jima tana kallo.
“Zoɓo ne aka zuba wa madara,” in ji ta.
Na ce masu shi wardi suke kiransa.
Ta ce, “Shekara sha ɗaya kana yi wa bangon wasu kwalliya,
namu kuwa damina ce ke masa zane.”

Da falo muka fara.
Hantsi ya leƙo ta tagar da ke kallon layin dogo,
sai bangon ya zama cikin nunanniyar gwaiba.
Kujerar nan mai yagaggen hannu ta tsargu,
dole muka yafa mata zane.
In jirgi ya wuce, agogon bango na rawa,
amma yanzu a kan fure yake rawarsa.

Kicin ɗinmu lungu ne, mutum ɗaya da rabi.
Can launin bai yi sati ba ya girma:
hayaƙin risho ya taɓa shi, manja ya yi masa ɗigo,
ya koma lallen da ya kwana biyu a tafin hannu.
Barira ta ce nan ya fi kama da mu.

Ɗakin kwana na shafa ranar da aka ɗauke wuta.
Da tocila a baki na ƙarasa kusurwa.
Ka san jan da kake gani
in ka rufe ido kana fuskantar rana?
Shi ne.
Daren nan ba mu yi zancen kuɗin makaranta ba.

Sa'ude ta danna tafinta kafin ya bushe,
yatsu biyar, daidai gwiwata.
Na ɗaga burushi zan shafe,
na fasa.

Inna, da yana ta rufe wa ido tun bara,
ta ji warin ta ce, “Labaran, wane iri ne?”
Na rasa ta cewa.
Can na ce, “Irin sararin Yawuri gab da magariba,
sa'ad da jiragen masunta ke juyowa gida.”
Ta lalubi bangon da bayan hannu, ta yi shiru.
“Ƙara masa shafe ɗaya,” ta ce,
“na wancan lokacin ya fi wannan kauri.”

Banɗaki na haɗaka ne, mu da gida huɗu.
Can ma na kai sadaka.
Mako uku danshin Legas ya kumbura shi,
yana ɓarewa kamar bawon dafaffen dankali.
Ba kowane ɗaki ke riƙe alheri ba.

A baranda bokiti na uku ya ce ga garinku.
Rabin bango wardi, rabi tsohuwar toka,
layin tsakani a karkace, inda hannuna ya gaji.

Ranar Asabar Baba Adisa mai gida ya zo.
Ya tsaya a falo, ya gyara hula, ya juya sau biyu.
Ya ce, “Malam, gida ya yi kyau!”
Wata na kamawa ya ƙara kuɗin haya.

Madam ba ta neme ni ba har yau.
Akwai sauran ja a ƙarƙashin faratana,
alwala biyar a yini ba ta fitar da shi ba.