Dutsen Waƙiyya

Daren da mutanen kambo suka ɗora mini shehunta
na kwanta kan angarib, barci ya ƙi ni.
Ruwan tura'a na wucewa bayan danga,
ni ko na koma Madani ta shekara hamsin baya,
ɗan goma sha uku, tsintsiya a hannu,
a ƙofar Hawaja Nisim mai kayan ƙamshi.

Bayahude ne, siriri, mai tarin asuba.
Ran Asabar ba ya buɗe shago, ko wa ya aiko.
Duwatsun awonsa a jakar fata guda suke,
na saye su ne na sayarwa.
In rana ta take, kasuwa ta yi hamma,
sai ya zuba jabana, ya ce, "Barmo, matso.
Kakanninmu, can ƙasar tuddai da zaitun,
sun daɗe suna nazarin sarakai.

Suka ce mai mulki ma'auni ne a tsakar gari:
ya karkata da ƙwayar riɗi,
kafin Juma'a kowane mudu ya koyi ƙarya.
Ya ƙirga marayu kafin ya ƙirga dawakai.
A zaman shari'a kunne ya riga shiga,
baki ya zo daga baya, kamar baƙo mai kunya.
Wanda tsoro ya cinye wa murya,
sarki ya ara masa tasa.
Mai yabonsa kullum, a ba shi tabarma can waje;
mai gaya masa ɗaci, a zaunar da shi kusa."

Dariya nake yi.
Ina ruwana da sarakai,
ni da ke cin ful ba mai?

Wata shekara ya rufe shagon, ba ranar Asabar ba.
Aka ce jirgin ruwa, aka ce Bur Sudan.
Ya damƙa mini mafi ƙanƙantar duwatsun,
na waƙiyya ɗaya, bai ce komai ba.

Kwana uku da naɗina, Ladiyo ta zo.
Mijinta ya rasu bara, gonarta ce ta ƙarshen layi,
inda ruwa ke isa a gajiye.
Ba ta yi kuka ba. Ganyen dawa ta ajiye gabana,
ya nannaɗe kamar wasiƙar da aka ƙi karantawa.
Wani ya fasa gaɓa cikin dare, ya sha rabonta.
Kowa ya sani, kowa na duban ƙasa:
Sallau ne, ɗan Gwamma,
Gwamma da muka sha nono ɗaya.

Da magariba na tarar da rago a turke,
ba nawa ba, da buhun sukari a jingine.

Na fito da dutsen, na ɗora a tafi.
Abin da yaro zai jefa wa tsuntsu,
amma hannuna ya yi ƙasa.

Da safe rago ya koma inda ya fito.
Na saurari Sallau har ya gaji da kansa,
sannan na ce: zagaye biyu na ruwanka na Ladiyo ne,
gaɓar kuma, da fartanyarka, da rana tsaka.

Wata biyu ke nan kisrar Gwamma ba ta shigo gidana ba.
An yi suna, a bakin yara na ji.
Nisim bai gaya mini wannan ɓangaren ba,
ko ya faɗa ina can ina shara.

Jiya na bi ta ƙarshen layi.
Dawa ta ɗaga kai, kore shar.
Ladiyo na duƙe, ta ce "Sannu, Shehu,"
ta ci gaba da cirar ciyawa.
Ba godiya. Haƙƙinta ne, me za ta gode?

Ban san ƙasar da ta rufe tsohon ba.
Dutsensa dai na aljihuna,
ya soma huda rigar.