Lissafi a Bayan Kwalin Shayi

Daren albashi ne a Jidda.
Fanka tana kwashe zafi daga wannan kusurwa ta kai waccan,
ni kuma na farke kwalin shayi, na ari biro.

Riyal dubu da ɗari huɗu,
ladan wata guda ina goge daɓen asibiti.

Ɗari uku da hamsin na katifar nan,
mu biyar muke raba iskar ɗakin.
Ɗari uku na ciki: gurasa da wake, safe da dare,
kaza sai Juma'a.
Hamsin na waya, don muryar Hansatu
ta ƙetaro Bahar Maliya ta ce, "Ka ci abinci?"
Ɗari huɗu nata ne da yara,
ko da ido ba na taɓa su.

Saura ɗari uku.

Ƙasimu mai turare yana bi na dubu uku da ɗari shida,
kuɗin takardar zama.
Bai taɓa buɗe baki ba.
Gaisuwarsa ce dai ta ƙara tsawo,
har sai ta zo ta tsaya daidai aljihuna.

Na raba: wata goma sha biyu,
in haƙori bai tashi ba,
in takalmi ya yarda ya kai ni Rajab,
in damina ta bar katangar gidanmu a tsaye.

Na soke kazar Juma'a.
Wata goma sha ɗaya.
Cikina ya yi ƙorafi, ban goge ba.

Gobe ta ƙofar shagonsa zan bi,
na gaji da zagaye ta lungu.